Yadda Jirgin Sama Ya Fara Tashi Daga Jirgin Ruwa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk sanda aka nuno katafaren jirgin ruwan yaƙi mai ɗauke da jiragen sama a labarai, kusan tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa daga masu sha'awar tarihin soja: wa ya fara, ta yaya, kuma me ya sa ginin jirgin ya zama haka. An tattaro su a nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Mafi yawan labarin ya faru ne tsakanin 1910 da 1929, a Amurka da Birtaniya da Faransa da Japan.

Me ya kai sojan ruwa ga neman jirgin sama tun farko?

Gani suke nema, ba duka ba. A teku, wanda ya riga ganin abokin gaba shi ke zaɓar inda za a gwabza da lokacin da za a gwabza. Mai gadi da ya hau can ƙololuwar jirgi, a tsayin mita 30, idonsa ba ya wuce kimanin kilomita 20 kafin doron teku ya ɓoye masa komai. Wanda ya yi sama da mita 1,000 kuwa, in gari ya yi garau, yana iya hango abin da ya haura kilomita 100.

Akwai kuma matsalar igwa. Zuwa 1914 manyan igwogin jiragen yaƙi suna jefa harsashi fiye da kilomita 15, nisan da mai harbi ba ya iya tantance ko ya samu ko ya kuskure, balle in hayaƙi ya turnuƙe. Sai ana buƙatar wani a sama da zai ce "ka wuce" ko "ka gaza". Jefa bam ya zo ne daga baya, kuma shekaru da dama manyan hafsoshi ba su ɗauke shi da muhimmanci ba.

Kafin jirgin sama mai inji, an gwada wani abu?

An gwada balan-balan. A 1849 sojojin Ostiriya da suka yi wa birnin Venice ƙawanya sun saki balan-balan masu ɗauke da bam, wasu daga kan jirgin ruwa mai suna Vulcano, amma iska ta watsa mafi yawansu. A yaƙin basasar Amurka, cikin 1861, Thaddeus Lowe ya riƙa hawa balan-balan da aka ɗaure da igiya a jikin wani kwale-kwalen dakon kwal a kogin Potomac, yana leƙen sansanin 'yan Kudu. Balan-balan dai ba ya zuwa inda aka aike shi sai inda iska ta ga dama, shi ya sa bai taɓa biyan buƙatar ba.

Wane ne ya fara tashi da jirgin sama daga kan jirgin ruwa?

Eugene Ely, wani matashi farar hula ɗan Amurka mai tuƙa jiragen kamfanin Glenn Curtiss a wuraren wasa. Wani hafsan sojan ruwa, Kyaftin Washington Irving Chambers, wanda aka ɗora wa alhakin bibiyar harkar jiragen sama, shi ya nemo shi. Aka kafa dandamalin katako mai tsawon kimanin mita 25 a goshin jirgin yaƙi Birmingham, an ɗan karkatar da shi ƙasa zuwa ga ruwa.

Ranar 14 ga Nuwamba 1910, a mashigin Hampton Roads na jihar Virginia, ana yayyafi da hazo. Ely bai jira jirgin ruwan ya ɗaga anga ya kama gudu ba. Da ya ga sararin ya ɗan buɗe sai ya ba da inji wuta. Yana barin bakin dandamali jirgin ya sulala ƙasa, tayoyi suka taɓa ruwa, bakin farfela ya tsage, ruwan gishiri ya fantsame masa tabarau har ba ya gani sosai. Duk da haka ya ɗago, ya lallaɓa ya sauka a gaɓar Willoughby Spit, kimanin kilomita huɗu daga inda ya tashi. Shekara bakwai kacal ke nan da tashin farko na 'yan'uwan nan Wright a 1903.

To sauka fa? Shi ma Ely ne?

Shi ne, bayan wata biyu, kuma wannan ita ce bajintar da ta fi. Tashi abu ne da inji da iska za su iya yi wa mutum. Sauka kuwa sai an tsayar da jirgin da ba shi da birki a cikin taƙi kaɗan. A kan jirgin yaƙi Pennsylvania, da ke tsaye a mashigin San Francisco, aka shimfiɗa dandamali mai tsawon kimanin mita 37 a ta baya. Aka gitta igiyoyi 22 a kansa, an ɗan ɗaga su daga katako, kowace igiya an ɗaure mata buhun yashi mai nauyin kilo 23 a kowane ƙarshe. A ƙarƙashin jirgin saman aka maƙala ƙugiyoyin ƙarfe. Wanda ake danganta dabarar da shi, Hugh Robinson, tsohon ɗan wasan nuna bajinta ne da ya koma aiki da Curtiss. A can ƙarshen dandamali aka rataye tamfal, ko da igiyoyin za su ci amana.

Ranar 18 ga Janairu 1911 Ely ya taso daga filin sukuwa na Tanforan. Hular kariya ta 'yan ƙwallon Amurka ce a kansa, kuma ya naɗe ƙirjinsa da tub ɗin keke da aka hura, don in ya faɗa ruwa kada ya nutse. Iska ba ta ba shi haɗin kai ba, daga bayansa take busowa, abin da ke ƙara wa jirgi gudu a lokacin da ake son ya rage. Ya tsallake igiyoyin farko, ƙugiyoyi suka cafki na gaba, buhunan yashi suka biyo shi suna ja, jirgi ya tsaya cak kafin ya kai ga tamfal. Aka yi masa liyafar rana a cikin jirgin, aka juya masa jirginsa, ya sake tashi ya koma tudu.

Ƙugiya a jikin jirgin sama, igiya a gicciye a kan dandamali: har gobe wannan ce dabarar. Buhun yashin ne kawai aka maye gurbinsa da na'urar da ke shanye ƙarfin fizgar a ƙarƙashin bene.

Me ya sami Ely bayan haka?

Ya nemi rundunar ruwa ta ɗauke shi aiki, amma a lokacin ba ta da sashen jiragen sama da za ta sa shi. Ya koma wasannin nuna bajinta, inda ya yi hatsari ya rasu a Macon ta jihar Georgia ranar 19 ga Oktoba 1911, saura kwana biyu ya cika shekara 25. Sai a 1933 gwamnati ta ba shi lambar yabo. Abin takaici ne a ce mutumin da ya buɗe wannan ƙofa bai ga ko jirgi ɗaya da aka gina domin aikin ba.

Tunda an ga yana yiwuwa a 1911, me ya sa aka shafe shekaru ana amfani da jiragen da ke sauka a kan ruwa?

Saboda dandamali yana toshe bakin igwa, kuma babu kyaftin da zai yarda a rufe masa igwoginsa domin wani abu na katako da ƙyalle. Ana cikin haka sai ga wata mafita. Bafaranshe Henri Fabre ya tashi daga kan ruwa ranar 28 ga Maris 1910 kusa da Marseille, da jirgin da aka sa wa 'yan kwale-kwale a madadin tayoyi. Curtiss ya yi irin nasa a San Diego cikin Janairu 1911, kuma a watan Fabrairu ya sauka a gefen Pennsylvania, aka ɗaga shi da injin ɗaukar kaya zuwa cikin jirgin, aka sake sauke shi ya tashi. Wannan ya fi kwanta wa hafsoshi a rai: teku ce filin, jirgin ruwa kuwa ɗaki ne kawai da injin ɗagawa. Ranar 8 ga Mayu 1911 rundunar ruwan Amurka ta yi odar jirginta na farko daga Curtiss. Faransa ta gyara jirgin ruwa Foudre domin ɗaukar irin waɗannan jirage, Birtaniya ta bi sahu da wani tsohon jirgin yaƙi a 1913.

Illar tana da yawa. Dole jirgin ruwa ya tsaya kafin ya sauke ko ya ɗauko jirgin sama, kuma jirgin da ya tsaya a fagen yaƙi abinci ne ga jirgin ƙarƙashin ruwa. In teku ta ɗan yi fushi, igiyar ruwa ta kan karya kwale-kwalen kafin a tashi. Nauyinsu kuma yana hana jirgin gudu da hawa sama. Wannan illa ta ƙarshe ita ta dawo da hankali kan dandamali, kamar yadda amsar tambaya kan Zeppelin, wato dogayen jiragen balan-balan na Jamus, za ta nuna a gaba.

Me ya sa jirgin ruwa ke juyawa ya fuskanci iska kafin jirage su tashi?

Fiffike bai damu da gudun taya a ƙasa ba. Abin da ke ɗaga shi shi ne saurin iskar da ke ratsa shi. A ce jirgin sama yana buƙatar iska mai gudun kilomita 80 a awa kafin ya ɗaga. In jirgin ruwan yana gudun 45, yana kuma fuskantar iska mai gudun 25, to tun jirgin saman yana tsaye ya riga ya sami 70, saura 10 kawai zai nema da injinsa. Haka ma wajen sauka, yana isowa a hankali in aka kwatanta da benen da ke gudu a gabansa.

Ely ya yi nasa duka biyun ne jirgin ruwa yana tsaye. Wanda ya fara tashi daga jirgi mai tafiya shi ne hafsan Birtaniya Charles Samson, daga kan Hibernia a Mayu 1912, lokacin faretin jiragen yaƙi a Weymouth. A watan Janairun shekarar ya riga ya tashi daga wani jirgin mai suna Africa yana tsaye a Sheerness.

Yaushe aka fara cilla jirgi da majajjawa?

Da wuri ƙwarai. Amurkawa suka ƙera na'urar da ke amfani da matsattsiyar iska ta fizgi jirgi a kan ɗan gajeren dogo. Theodore Ellyson, matuƙi na farko a rundunar ruwansu, ya gwada a Annapolis a tsakiyar 1912 ya faɗa ruwa, ya sake gwadawa a Washington cikin Nuwamba ya dace. Ranar 5 ga Nuwamba 1915 aka cilla Henry Mustin daga jirgin North Carolina a Pensacola. Shekaru da yawa amfanin majajjawa ya tsaya ne ga manyan jirage masu igwa da ke ɗauke da jirgin leƙen asiri ɗaya ko biyu. Masu shimfiɗaɗɗen bene ba su cika buƙatarta ba sai da jiragen sama suka yi nauyi.

Wace ƙasa ce ta fara kai hari da jiragen da aka ɗauko a jirgin ruwa?

Japan, abin da kan ba mutane mamaki. A Satumba 1914 jirginta Wakamiya ya sauke jiragen Farman ƙirar Faransa a kan ruwa, suka je suka jefa ƙananan bama-bamai a kan Jamusawan da ke riƙe da tashar Tsingtao a ƙasar Sin. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, amma an fara.

Birtaniya ta biyo baya ranar Kirsimeti ta 1914, da jirage uku na fasinja da aka gyara: Engadine, Riviera da Empress. Aka sauke jiragen sama tara domin su kai hari rumfunan Zeppelin kusa da Cuxhaven a gaɓar Jamus. Sanyi ya hana injin biyu tashi, bakwai suka tafi, hazo ya hana su ganin rumfunan. Uku kaɗai suka dawo wurin iyayen gidansu. Sauran mai ya ƙare musu, jirgin ƙarƙashin ruwa na Birtaniya ya tsinci mutanen jirage uku, masuntan Holan suka tsinci na ɗaya. Ba a rasa rai ba. A Agusta 1915 kuma Charles Edmonds, da ya taso daga jirgin Ben-my-Chree, ya saki makamin tofido daga sama ya sami wani jirgin dakon kaya na Daular Usmaniyya a tekun Marmara, karo na farko da aka yi haka.

Sun yi amfani a babbar gwabzawar Jutland?

Kaɗan ƙwarai. Ranar 31 ga Mayu 1916, da manyan rundunonin Birtaniya da Jamus suka haɗu, jirgin sama ɗaya tak ya tashi, daga Engadine, Frederick Rutland na tuƙi. Ya hango jiragen Jamus, abokin tafiyarsa ya aiko da saƙo ta rediyo, amma Engadine ya kasa isar da saƙon ga babban kwamanda. Bututun mai ya fashe, suka sauka a ruwa. Aikin da aka nemi jirgin sama dominsa tun farko, wato gani, ya yi shi. Hanyar kai labari ce ta gaza.

Mene ne alaƙar Zeppelin da wannan tarihi, kuma ina matuƙi ke sauka in babu bene?

Zeppelin, wato dogayen jiragen balan-balan na Jamus, su ne suka tilasta wa Birtaniya hanzari. Suna shawagi a saman Tekun Arewa suna ba da rahoton duk motsin rundunarta, kuma jirgi mai kwale-kwale ba ya iya hawa ya cim musu. Sai ƙaramin jirgin faɗa mai tayoyi. Aka riƙa kafa 'yan gajerun dandamali a goshin jiragen yaƙi, har da kan rufin igwa, wanda ake iya juyawa ya fuskanci iska ba tare da an karkatar da jirgin ruwan ba.

Amsar kashi na biyu na tambayar mai ɗaci ce: a ruwa yake sauka. Matuƙi yana tashi ne da sanin cewa in tudu ya yi nisa, zai kifa jirginsa kusa da wani jirgin ruwa nasu, ya yi fatan a tsamo shi kafin sanyi ya gama da shi. Ana cusa jakunkunan iska a cikin jikin jirgin don ya ɗan jima bai nutse ba. Haka Bernard Smart ya yi ranar 21 ga Agusta 1917: ya tashi daga jirgin yaƙi Yarmouth, ya harbo Zeppelin L 23, ya faɗa ruwa aka tsamo shi. A Agusta 1918 Stuart Culley ya tashi daga wani ɗan kwale-kwale da jirgin yaƙi ke ja da gudu, ya harbo L 53.

Harin da aka kai wa sansanin Zeppelin na Tondern ranar 19 ga Yuli 1918 ya nuna ribar da kuma tsadar. Jiragen Sopwith Camel bakwai suka tashi daga jirgin ruwan Birtaniya Furious, suka ƙone Zeppelin biyu, L 54 da L 60, a cikin rumfarsu. Ɗaya ya juyo tun a hanya saboda inji, biyu suka dawo suka sauka a ruwa aka cece su, uku suka sauka a Denmark aka tsare su, ɗaya teku ta cinye shi. Ko jirgi ɗaya bai koma kan benen da ya baro ba.

Wa ya fara sauka a kan jirgin ruwa mai tafiya?

Edwin Dunning, haifaffen Afirka ta Kudu, shugaban matuƙan Furious. An fara gina Furious ne a matsayin jirgin igwa, aka cire igwar gaba aka shimfiɗa benen tashi a wurin, amma bututun hayaƙi da ɗakin kyaftin suna nan daram a tsakiya. Babu hanyar zuwa ta baya. Dunning ya lura cewa in jirgin ya kama cikakken gudu cikin iska mai ƙarfi, ɗan jirginsa Sopwith Pup kusan tsayawa yake a sama in aka kwatanta da benen (duba lissafin da ke amsar tambaya kan fuskantar iska). Ranar 2 ga Agusta 1917, a Scapa Flow, sansanin sojan ruwan Birtaniya a arewacin Scotland, ya bi gefen jirgin, ya wuce bututun hayaƙi, ya gocio a kaikaice zuwa saman benen gaba. Abokan aikinsa suka rugo suka kama madaukan da aka ɗaura a fukafukai da jela, suka janyo shi ƙasa da hannu.

Bayan kwana biyar, ranar 7 ga wata, ya sake yi ya dace. Ya canja jirgi ya tashi karo na uku. Da ya ga bai daidaita ba sai ya yi wa mutanen hannu su kauce, ya ba da wuta don ya sake zagayowa, inji ya shaƙe. Jirgin ya faɗi a kan bene, ya gangara ta gefen dama ya afka teku. Ya suma a cikin kujerarsa, ya nutse kafin a kai gare shi. Shekararsa 25. Mutuwarsa ce ta sa aka hana wannan salon sauka, aka koma tunanin gyara jirgin ruwan kansa.

Me ya sa benen ya zama shimfiɗaɗɗe, ɗakin kyaftin kuma yana gefen dama?

Bayan rasuwar Dunning aka ƙara wa Furious bene na biyu a baya domin sauka. Bai yi ba. Iskar da ta bugi ginin tsakiya takan murɗe, ta haɗu da zafin hayaƙi, ta riƙa wujijjiga jirgi daidai lokacin da ya fi rauni. Mafi yawan waɗanda suka gwada sun farfasa jiragensu. Darasin ya fito fili: duk abin da ke tsaye a tsakiya sai ya kau. Aka ɗauki wani jirgin fasinja da ake gina wa Italiya, Conte Rosso, aka shimfiɗa masa bene tun daga goshi har jela, aka bi da hayaƙi ta bututu zuwa baya, aka sa masa suna Argus. Ya fara aiki a Satumba 1918, saura 'yan makonni yaƙi ya ƙare. Wani Bafaranshe, Clément Ader, ya riga ya siffanta irin wannan jirgi a rubuce tun 1909, da shimfiɗaɗɗen bene da ɗakin ajiya a ƙasa, ba a saurare shi ba.

Sai dai jirgi ba ya tafiya ba wurin tuƙi da mafitar hayaƙi. Aka tattara su wuri guda a gefe, siriri, aka gwada a kan jirgin Birtaniya Eagle a 1920. An zaɓi dama ne saboda injinan wancan zamani, da yadda suke juyawa, sun sa matuƙin da ya fasa sauka ya fi saurin karkata hagu. Japan ta gwada sa ginin a hagu a jirage biyu, Akagi da Hiryu, ba ta ƙara ba.

To wanne ne ainihin jirgin dakon jiragen sama na farko?

Ya danganta da ma'aunin mai tambaya. In shimfiɗaɗɗen bene ake nufi, Argus ne, 1918. In wanda aka gina domin aikin tun daga tushe kuma ya riga shiga aiki, Hosho na Japan ne, Disamba 1922. Hermes na Birtaniya ya riga shi a zane da fara gini, amma bai kammalu ba sai 1924. Na farkon Amurka, Langley, tsohon jirgin dakon kwal ne mai suna Jupiter da aka gyara, ya fara aiki a Maris 1922. A ganina Argus ya fi cancanta, domin a kansa ne tashi da sauka suka fara zama aikin yau da kullum maimakon kasada.

An taɓa amfani da su a yaƙi a Afirka?

An yi, tun farko-farko ma. A Satumba 1914 jirgin yaƙin Jamus Königsberg ya nutsar da Pegasus na Birtaniya a Zanzibar, sannan ya shige cikin rassan bakin kogin Rufiji, a Tanzaniya ta yau, ya ɓuya a dajin bakin ruwa inda manyan jirage ba sa iya binsa. Aka ɗauko wani jirgin Curtiss mai sauka a ruwa daga Afirka ta Kudu, da matuƙinsa farar hula, shi ya gano maɓoyar. Zafi da laima suka riƙa narkar da gam ɗin katakon jiragen da aka kawo daga baya, injinansu kuma suka kasa ja. A Yuli 1915 jiragen da ke tashi daga tsibirin Mafia suka yi wa wasu jiragen igwa biyu marasa zurfin ciki, Severn da Mersey, jagorar harbi ta rediyo, har Königsberg ya lalace ranar 11 ga wata, mutanensa suka tarwatsa shi da kansu. A Afirka ta Yamma kuwa, cikin Yuli 1940, jiragen Hermes sun kai wa babban jirgin Faransa Richelieu hari da tofido a tashar Dakar.

Yaya yarjejeniyar rage makamai ta haifar da manyan jiragen dako?

Yarjejeniyar Washington ta 1922 ta dakatar da gina manyan jiragen igwa, ta kuma ƙayyade nauyin jiragen dako: tan 135,000 ga Amurka da Birtaniya kowacce, 81,000 ga Japan, 60,000 ga Faransa da Italiya kowacce. Amma ta yarda a mai da wasu jiragen igwa da aka riga aka fara ginawa zuwa na dako maimakon a sare su. Ta haka Amurka ta sami Lexington da Saratoga a 1927, Japan ta sami Akagi da Kaga. Kaga ma ya shigo ne bayan girgizar ƙasar 1923 ta lalata Amagi, wanda aka fara zaɓa, a wurin gini. Waɗannan jirage suna da girma da gudun da babu gwamnatin da za ta amince ta kashe kuɗi a kansu domin jirgin sama kawai a wancan lokaci.

Birtaniya ce ke gaba a 1918. Me ya sa aka wuce ta?

Babban dalili na tsari ne. Ranar 1 ga Afrilu 1918 aka haɗe sashen jiragen sama na sojan ruwa, mai mutum kusan 55,000 da jirage kusan 3,000, cikin sabuwar rundunar sojan sama. Jirgin ruwa na wata runduna, jiragen da ke kansa da mafi yawan matuƙansu na wata. Gogaggun matuƙan da za su girma su zama manyan hafsoshin ruwa suka bar gidan, sabuwar rundunar kuma hankalinta na kan bama-bamai daga tudu. Sai a 1939 aka mayar wa sojan ruwa cikakken iko da jiragensa.

A wannan tsakanin kuma iliminta ya fita waje. A 1921 tawagar ƙwararru ƙarƙashin William Sempill ta je ta horar da sojan ruwan Japan, kuma Bature ɗan Birtaniya, William Jordan, shi ya fara sauka a kan Hosho a 1923. Rutland ɗin nan da aka ambata a amsar Jutland ya koma yi wa Japan aiki, har gwamnatinsa ta tsare shi a 1941.

Ta yaya aka mai da abin daga gwaji zuwa makami na gaske?

A kan Langley aka yi mafi yawan wannan aiki, jirgin da ba shi da gudu ba shi da kyan gani. Virgil Griffin ya fara tashi daga kansa ranar 17 ga Oktoba 1922, Godfrey Chevalier ya fara sauka ranar 26. Mataimakin kyaftin, Kenneth Whiting, ya kan tsaya a can baya yana kallon kowace sauka, matuƙa suka lura cewa motsin hannuwansa na gaya musu ko sun yi sama ko sun yi ƙasa. Daga nan aka mai da shi muƙami: hafsa mai tsayawa a gefen jela yana yi wa mai sauka ishara.

Da Joseph Reeves ya karɓi ragamar jiragen saman rundunar a 1925 ya tarar ana sauke kowane jirgi zuwa ɗakin ƙasa kafin na bayansa ya sauka, abin da ke cin lokaci mai yawa. Ya sa aka kafa shingen waya a tsakiyar bene. Jirgi ya sauka, a kwantar da shinge, a tura shi gaba, a tayar da shinge, na baya ya shigo. In ƙugiyarsa ta kuskure igiya, shinge ya tare shi kafin ya afka wa waɗanda ke ajiye. Ma'aikatan bene suka fara sa riguna masu launi daban-daban gwargwadon aikinsu, don a gane juna cikin ƙarar inji. Jiragen da Langley ke ɗauka suka tashi daga kimanin 12 zuwa fiye da 30. A atisayen Janairu 1929 Reeves ya ware Saratoga daga runduna, ya yi gudun dare da shi, da asuba jiragensa suka bayyana a saman mashigin Panama ba wanda ya yi tsammani. Harin da Birtaniya ta kai wa tashar Taranto ta Italiya cikin Nuwamba 1940, da jirage 21 daga Illustrious, da kuma wanda aka kai wa sansanin Amurka na Pearl Harbor a Disamba 1941, daga jiragen dako shida na Japan, irin wannan tunani ne.

Shingen yana da nasa haɗarin, domin wanda ya kuskure igiya ba shi da damar sake tashi, sai karo. An zauna da wannan har farkon shekarun 1950, lokacin da jirage masu injin jet suka sa abin ya gagara. Birtaniya ce ta kawo gyara uku a jere: layin sauka da aka karkatar zuwa hagu don wanda ya kuskure ya wuce ta gefe ya sake zagayowa, majajjawa mai aiki da tururi, da madubi mai fitila da ke nuna wa matuƙi ko yana kan daidai. Amurka ta gwada karkataccen benen a kan Antietam, ta karɓe shi ga jiragenta.